Ko Kun Sani? Sauron Maleriya Ya Fi Son Ruwan Sama

Sauron da ke yaɗa maleriya ya fi son zuba ƙwai a ruwan sama da ya kwanta a rana. Wanda ke fitowa daga baƙar kwata, galibi wani iri ne daban. A Kusfa da sauran unguwannin cikin birnin Zariya, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, bakin kududdufi, har sawun tayar mota sun ishi sauron maleriya. Idan da zafi, kamar kwana 10 ƙwai ke zama sauro. Shi ya sa zazzaɓi ke ƙamari da damina, har Hukumar Lafiya ta Duniya a 2012 ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya duk wata a lokacin damina.