Wa Ya Hana Gwamnanmu Kwamishinoni?

Ƙulin-ƙulifita: gwamna ne, talakawa suka zaɓe shi, an rantsar da shi, ga tuta a mota, ga 'yan sanda a ƙofa. Amma ya yi wata 20 da 'yan kwanaki a kan mulki ba shi da kwamishina ko ɗaya. Ba na gona, ba na lafiya, ba na ilimi. Kuma ba a wata uwa duniya aka yi haka ba. Gwamnanmu ne, mu mutanen Maska, domin a 1979 Funtuwa da Malumfashi duk Jihar Kaduna ne. Sai a 1987 aka yanke Katsina. Sunansa Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, ɗan Kaya, na jam'iyyar PRP. To wa ya ɗaure masa hannu?

Mai karatu zai ce soja. Mun saba, abu in ya cije a ƙasar nan, sai a leƙa bariki. Amma Janar Obasanjo ya miƙa mulki ran 1 ga Oktoban 1979, ranar da Balarabe ya hau, kuma kakin bai dawo ba sai ƙarshen 1983. A sallami soja.

Sarakuna fa? Nan akwai ƙanshin gaskiya. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Duk dattijon da ya taɓa sayar da buhun dawa kan dole don dagaci na jiran kuɗin haraji ya san wa ya yi murna, ya kuma san wa ya ɓata rai. Sai dai ɓacin ran hakimi ba ya hana naɗa kwamishina. Doka ba ta ba shi wannan igiyar ba. Ga kuma tambaya mai tsini: Rimi ma ya soke, har ya fi Balarabe taƙaddama da fada, amma shi ya naɗa kwamishinoninsa lafiya lau. Me Kano ke da shi wanda Kaduna ta rasa?

Wani zai kawo rikicin gida, na 'yan santsi da 'yan taɓo, lokacin da gwamnonin biyu suka raba gari da Malam Aminu Kano. A duba kwanan wata. Wannan ɓarakar ta 1980 ce, ƙofar kuwa tun 1979 take a garƙame. Shugaba Shagari? Ba shi da sa hannu a takardar naɗin kwamishinan jiha.

Waɗanda ake zargi sun ƙare. Saura sawu ɗaya.

Zaɓen 1979 ba rana ɗaya aka yi shi ba. Ran 21 ga Yuli aka zaɓi 'yan majalisar jiha. Ran 28 aka zaɓi gwamna. Mako guda tsakani. A Asabar ta farko masu gida da masara, wato NPN, suka kwashe kujeru fiye da 60 cikin 99. A ta biyu mai makulli, wato Balarabe na PRP, ya kayar da ɗan takararsu Alhaji Lawal Kaita. Jiha ɗaya. Akwati biyu. Amsa biyu.

A zamanin Sardauna wannan ba ta taɓa yiwuwa. Tsarin Ingila muke bi: wanda ya fi kujeru a majalisa shi ne Firimiya, ministocinsa kuma daga cikin majalisar suke fitowa. Ashe wani ya sauya dokar wasan. Wa?

Takarda ce. Tsarin Mulkin 1979. Kuma asalinta ya fi Najeriya tsufa.

A 1787, a birnin Filadelfiya, mutanen da suka rubuta tsarin mulkin Amurka suna da tsoro ɗaya: kada su kori Sarkin Ingila su wayi gari da sabon sarki a gida. Don haka suka raba iko uku, da gangan suka sa kowane ɓangare ya riƙe wuyan rigar ɗan'uwansa. Shugaba zai kawo sunan minista, amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Majalisa kuma na iya tsige shugaban. A Oktoban 1975 Janar Murtala ya kafa kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams, ya nuna musu tsarin shugaba mai cikakken iko, suka ɗauko na Amurka suka shimfiɗa har jihohi. Mutum biyu suka ƙi bin ayari, suka rubuta nasu rahoton: Segun Osoba da Dakta Yusufu Bala Usman na Musawa. Abin dariya, Bala Usman ɗin ne ya zama sakataren gwamnatin Balarabe, yana zaune yana kallon takardar da ya ƙi tana cizon ubangidansa.

Ga yadda tarkon ya kama. Gwamna ya aika sunaye. Majalisa, ƙarƙashin Kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta yi fatali da su. Ya sake aikawa, ta sake. NPN na ganin mai rinjaye ya cancanci kaso a gwamnati. Balarabe na ganin talaka bai zaɓe shi don ya raba tuwo da waɗanda ya kayar ba. Kowa na da ƙuri'ar jama'a a aljihu, kowa na da sashen doka a hannu. An ɗaura wa garma shanu biyu, ɗaya na jan gabas, ɗaya yamma. A Kano kuwa PRP ce da gwamna, ita ce da majalisa. Sirrin Rimi ke nan.

Amma aron bai cika ba, kuma a ganina nan ne ainihin laifin. A Amurka zaure biyu ne: Majalisar Wakilai ta yi tuhuma, ta Dattawa ta yi shari'a, sai da kashi biyu cikin uku. Shi ya sa Andrew Johnson ya sha da ƙuri'a ɗaya a 1868, kuma har yau Dattawa ba su taɓa tuɓe shugaba ba. Jiharmu zaure ɗaya gare ta. Sashe na 170 na Tsarin Mulkin 1979 ya ba ta tuhuma, ya ba Kakakinta naɗa mutum 7 masu bincike, ya ba ta hukunci, sannan ya ce kotu kada ta sa baki. Mai ƙara shi ne alƙali. Ran 23 ga Yunin 1981 aka tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Tsarin Mulkin 1999 ya yi ɗan faci: a sashe na 188, Babban Jojin jiha ne ke naɗa masu binciken nan 7. Sashe na 192 kuwa yana nan daram. Babu wanda zai zama kwamishina a Katsina yau sai majalisa mai kujeru 34 ta amince, kuma ɗaya daga cikin kujerun nan ta Funtuwa ce, da ƙuri'ar mutanen Maska ake hawanta.