Daga lifidi zuwa ƙyallen tela: fasahar ɗinkin da muke sharewa da tsintsiya

Duk wanda ya ratsa layin teloli a Dapaong ko a Zangon Sokodé ana saura kwana biyu Salla ya san abin da zai taka: guntayen atamfa, bakin shadda, ragowar leshi, duk a zube ƙarƙashin keken ɗinki. Da yamma yaron shago zai share ya cika buhu. Wani ƙyallen a cusa shi cikin matashin kai, saura kuma a kai bola a cinna masa wuta.

Irin wannan ƙyallen ne wasu a Amurka da Turai suke harhaɗawa, su yi masa ado da zare da duwatsun wuya, su fitar da siffar ganye ko kogi ko fiffiken tsuntsu, sannan a rataye shi a gidan nune-nune ko a sa shi a jiki. Sunansa a wajensu kwilt. Mai ganin hotunansa a Facebook zai ɗauka sabon abu ne daga ƙetare, alhali ginshiƙan aikin uku, wato haɗa ƙyalle, cusa auduga da yin ado da allura, sun daɗe a hannun Hausawa da maƙwabtansu.

Mene ne kwilt?

Shimfiɗa uku ce ake ɗinkewa wuri guda. Ta sama ita ce fuska, wadda ake haɗawa daga ƙananan ƙyallaye. Ta tsakiya auduga ce ko wani abu mai laushi. Ta ƙasa kuwa shafi ne. Ana bi da allura a ratsa dukkan ukun layi-layi don kada audugar ta dunƙule gefe guda, kuma waɗannan layukan su ma ado ne.

A ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun yi ta ɗinka shi da tsofaffin wandunan aiki saboda sanyi. A 2002 aka baje ayyukansu a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa. Abin da aka ɗinka don rufa ya koma abin da masu kuɗi ke rububin saye.

Lifidi: namu na gida

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. Lifidi rigar kariya ce ta doki da mahayinsa: yadi sama, yadi ƙasa, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki a matse. Kaurinsa ne ke rage ƙarfin kibiya da takobi, ko da yake yana tsoron wuta. Sau da yawa fuskarsa haɗin ƙyalle ce, ja da fari da baƙi da rawaya, an yanka su kusurwa uku-uku ko huɗu-huɗu. Har yau 'yan lifida suna fitowa a hawan Salla a Kano da Katsina da Zariya. Idan aka cire doki daga lissafi, abin da ya rage shi ne ainihin abin da Turawa ke kira kwilt.

Wannan sana'a da 'yan'uwanta ba su tsaya a ƙasar Hausa ba. Fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sun riƙa ratsa Borgu da Djougou da ƙasar Kotokoli, wasu ayarin kuma su bi ta Mango. Cikin kayansu akwai riguna da baƙin rini da kayan doki, cikin ayarin kuma akwai maɗinka da marina da dukawa da suka zauna a zango-zango. Wanda ya kalli mahaya a bikin Adossa na Sokodé, da manyan rigunansu da rawuna da adon sirdi, zai ga sawun wannan tsohuwar hanya.

Yadda daji ya shiga cikin riga

Babbar riga ita ce fasahar sawa a jiki tun kafin a raɗa wa abin suna. Malami ne kan zana aikin a jikin aljihu da wuya, maɗinki ya bi zanen da allura, wani lokaci watanni. Zane-zanen suna da sunaye: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, dagi.

Kayan aikin kuwa daga daji suke. Zaren tsamiya siliki ne da ake samu daga gidan wata tsutsa da ke cin ganyen bishiya, a dafa shi da ruwan toka kafin a kaɗa. Shuɗi daga ganyen baba yake, wanda ake tsimawa a karofi irin na Ƙofar Mata a Kano, da ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Ja daga karan dafi, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya. Saƙi, wannan yadin mai ɗigo-ɗigon fari cikin shuɗi, kwaikwayon gashin zabo ne. Hular haɓar kada ma sunanta ya faɗi inda aka ɗauko ta.

A lura da hikimar da ke ciki. Magabata ba su zana zabo da kai da ƙafafu ba. Ɗigonsa suka ɗauka suka bar tsuntsun. Malamai da yawa suna ƙyamar surar abu mai rai, kuma an ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma ga bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Don haka telan da ke son kayansa su shiga kowane gida a zango yana da fili mai faɗi: ganyen kuka, tuntun furen ɗorawa, reshen giginya, zanen bayan kunkuru, layukan kunya a gona.

Maƙwabtanmu sun bi wata hanyar. A Abomey ta ƙasar Benin ana yanka ƙyalle a ɗinka shi a kan wani yadin, a fitar da alamun sarakuna: ɓauna ta Sarki Ghezo, zaki na Glele, babban kifin teku na Behanzin. A Senegal, mabiya Baye Fall suna sa rigunan haɗin ƙyalle a matsayin alamar ƙanƙan da kai. A Mali kuma Abdoulaye Konaté, haifaffen Diré a 1953, yana jera siraran yankan shadda dubbai ya rufe bango guda da su, launi na narkewa cikin launi kamar gashin tsuntsu. Ya ci babbar kyautar baje kolin fasaha na Dakar a 1996.

Abin da Nano ke koyarwa

A kudu maso yammacin Dapaong, cikin gundumar Tandjouaré, akwai garin Nano, a gindin wani dogon dutse. A jikin dutsen ne kogunan Nok suke, inda mutanen Moba suka gina rumbunan laka suna ɓuya da hatsinsu a zamanin hare-haren mahaya. Tun shekarar 2000 wurin yana cikin jerin da Togo ta miƙa wa UNESCO.

Na taɓa sauka ta tsanin ƙarfen nan tare da ɗalibaina a shekarun baya. Da muka koma aji na ba su almakashi da buhun ƙyalle daga wani shago, na ce kowa ya haɗa abin da ya gani. Wata yarinya ta jera ja-ja da ruwan ƙasa layi a kan layi, ta ɗora ƙananan da'irori masu ruwan toka a tsakiya, ta saka kore a ƙasa. Ba ta zana komai ba, amma duk wanda ya je wurin ya gane dutsen da rumbunan da kwarin. Wannan shi ne dukkan sirrin aikin: ka kalli abu har ka gane launinsa da tsarinsa, sannan ka nemo su cikin buhu.

Ga mai son gwadawa

A fara da wanke ƙyallayen, domin wani yana zuba, wani yana tsukewa, kuma gara a gane tun kafin a ɗinka. A ware su bisa kauri: shadda da atamfa suna zama tare, amma yadi mai talewa yana jan maƙwabcinsa. A zana tsarin a takarda, a yanka kowane ƙyalle da ɗan rara don bakin ɗinki, a riƙa guga bayan kowane haɗi.

Wajen ciko a yi la'akari da yanayinmu. Bargon hunturu yana son auduga, kuma yankin Savanes yana nomanta. Falmaran ko jaka ko hula ba sa buƙatar fiye da tsohon zane guda a tsakiya. Audugar rimi tana da santsi, tana dunƙulewa idan an wanke, don haka ta fi dacewa da matashi da abin ratayewa. A fara ɗinkin ratsawa daga tsakiya zuwa gefe, layukan kusa da juna. Ado da surfani ko wuri ko tsakiya shi ne na ƙarshe, kuma a guje masa a kayan jarirai saboda haɗiya.

Ina kasuwar take?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Gwanjo daga kasuwar Hédzranawoé ta Lomé ya cika ko'ina, injin aiki mai kwamfuta yana gama wuyan riga kafin maɗinkin hannu ya gama aska guda, kuma kowace shekara sabbin teloli suna karɓar takardar kammala koyo su buɗe shago kusa da na maigidansu, suna ɗinka abu iri ɗaya. Dattawan da suka iya aikin hannu suna ƙarewa. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a Savanes a watan Yunin 2022, baƙi masu yawon buɗe ido ma sun ja baya, don haka ba a kansu za a dogara ba.

Masu saye na farko suna cikin gida: uwar amarya mai neman shimfiɗar gado da babu irinta a ɗakin kowa, mai jego mai neman abin goyo, mahayin da zai fita biki, da 'yan'uwa mazauna Lomé da Accra da Faransa masu son tsarabar da ta fito daga garinsu. Akwai misali a Zariya, inda mata masu ɗinkin hannu suka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers a 1994, suka ɗauki zanen babbar riga suka mayar kan rigunan mata da matasan kai da jakunkuna, suka samu masu saye har ƙasashen waje. Masaƙan Bafilo da na Sokodé su ma suna da ragowar ƙwarya da za ta yi kyau a irin wannan haɗi.

Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, a yi kuɗin kaya da lissafin kwanakin da aka yi ana aiki, kada a karya shi don ƙyallen kyauta ne. Na biyu, duk yaron shagon da ya san wani tsoho a unguwarsu mai iya aska takwas da hannu, ya je ya zauna kusa da shi da allurarsa, ya ɗauki hoton zanen, ya rubuta sunan kowane ɗinki. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta a cikin tulu. Sallar da ke tafe, kafin a share shago, a ware buhu guda a ajiye.