Ruwan Shan Kano: A Yi Lissafi Da Fari, A Yi Da Ambaliya

A shekarar 1931, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Allah ya ji ƙansa, aka buɗe gidan ruwa na Challawa. En'e ta Kano ce ta yi aikin da kuɗin baitulmalinta. Injuna suka riƙa janyo ruwa daga kogin, suna tura shi ta bututu har bisa Goron Dutse, daga can ya gangaro wa mutanen birni da na waje. A ƙidayar 1952 mutanen Kano ba su cika dubu 150 ba. A ta 2006 kuwa birni da kewaye sun haura miliyan biyu da rabi.

To, yawan jama'a abu ne da akawu zai iya ƙiyastawa da alƙalami. Abin da ya fi wuya shi ne halin sama. Daminarmu ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba, kuma ba ta da alkawari. Farin 1973 da na 1984 sun ƙafar da rijiyoyi, sun karkashe dabbobi, suka koro mutanen karkara cikin gari, watau masu sha suka ƙaru daidai lokacin da ruwan ya ragu. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, su ne suka zame wa Kano rumbu, suna tare ruwan damina suna sako shi da rani.

Amma fa wanda ya yi tanadi domin fari kaɗai rabin aiki ya yi. A watan Agusta na 1988 ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle. Haka kuma can Barno, a watan Satumba na 2024, ta Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri. A cikin birnin Kano ma, kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi gini a kai. Ina ruwan zai nufa in ba ɗakunan mutane ba?

Mu a ganinmu, ba daidai ba ne a auna aikin ruwa da matsakaiciyar shekara. A auna shi da shekarar da ta fi kowace ƙarancin ruwa, sa'an nan da wadda ta fi kowace yawa. Kada kuma a dogara ga rijiyar burtsatse a kowane gida, domin ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwansa kaɗan ne. In maƙwabta goma suka haƙa, tulu ɗaya suke sha. Shi ya sa har yau kurar ɗan garuwa ba ta huta ba.

Garuruwa masu tasowa irin su Wudil da Bichi suna da sauran dama, don tun ran gini ran zane. Akawun da ke rubuta filaye ya tabbata an bar hanyar bututu da magudana kafin a yanka fuloti, a kuma sa kududdufin gari cikin taswira da sunan jama'a. Malaman makaranta kuwa su kafa ma'aunin ruwan sama, yara su riƙa rubuta abin da ya zuba kowace safiya, domin injiniyan da zai zo bayan shekara ashirin ya tarad da littafi.