Me Na'urar Binciken Filin Jirgi Ke Gani A Jikin Fasinja?

Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara suna bin hanyar Bunguɗu zuwa Sakkwato kafin su hau jirgin Saudiyya. A watan Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Gusau, wanda ke nufin matasan Gusau da Tsafe da Bunguɗu da dama za su fara sanin layin bincike a ƙofar gida. Tambayar da aka fi yi, musamman mata da iyayensu, ita ce: shin gaskiya ne na'urar tana nuna tsiraicin mutum?

A da gaskiya ne, kuma labarin ya shafi Nijeriya kai tsaye. Ranar 25 ga Disamba 2009, Umar Faruk Abdulmutallab, wanda asalin gidansu Funtuwa ne, ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a kamfai cikin jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Ƙofar da aka saba wucewa ta ciki ƙarfe kawai take ganewa, shi kuwa sinadarin da ya ɗauko ba ƙarfe ba ne. Daga nan ƙasashe suka yi rububin sayen na'urar da ke leƙa ƙarƙashin tufafi. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, tun kafin ranar mahaifinsa ya kai rahotonsa ofishin jakadancin Amurka a Abuja. Wato bayani ya samu, aiki da shi ne ba a yi ba, amma miliyoyin matafiya aka ɗora wa nauyin wannan sakaci.

Na'urorin iri biyu ne. Ta farko tana harba hasken eksire mai rauni, ta fitar da surar jiki filla-filla ga jami'in da ke zaune a wani ɗaki. Hukumomi sun sha cewa ba a ajiye hotunan, sai ga shi a 2010 an gano hotuna kusan 35,000 a cikin wata na'urar hasko jiki ta wata kotu a jihar Fulorida, har shafin Gizmodo ya wallafa ɗari daga cikinsu. Tarayyar Turai ta hana amfani da mai eksire a filayen jirginta a 2011 saboda lafiyar mutane, Amurka kuma ta kwashe nata a 2013 bayan kamfanin Rapiscan ya kasa samar da manhajar da za ta suturta fasinja.

Ta biyun ita ce aka fi gani yanzu a manyan filaye. Igiyoyin rediyo gajeru take aikawa, su ratsa tufafi, su daki fata su dawo. A sababbin samfura, manhaja ce ke karanta sakamakon, ba idon mutum ba. Abin da jami'i ke gani a allo zanen mutum-mutumi ne, iri ɗaya ga kowa, mace ko namiji, siriri ko mai ƙiba, da ɗan akwati a daidai wurin da aka ga wani abu. Sai dai manhajar ba ta san layar wuya ko ninkin zani ko gumi ba, duk tana iya ɗaukarsu abin zargi, daga nan sai lalube da hannu.

A wannan gaɓar ce mutunci ya fi zubewa, domin nan ɗan Adam ne ke aiki ba inji ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce mace ke laluben mace, namiji ya lalubi namiji. Mai niƙabi ko hijabi tana iya neman a kai ta keɓantaccen wuri jami'a mace ta duba ta, kuma neman hakan ba rashin kunya ba ne. In aka saki wannan linzami, abin da ya faru a Doha a Oktoban 2020 ya isa misali: an sauko da mata daga jirage aka yi musu binciken al'aura bayan an tsinci jaririya a banɗakin filin, har gwamnatin Katar ta ba da haƙuri.

Wayar hannu ma tana da nata. Na'urar da jaka ke bi ta ciki siffar waya take gani, batir da sauran kayan cikinta, ba ta karanta saƙon WhatsApp ko hotuna. Inda bayanan mutum ke fita shi ne wurin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta saka su cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Fawa-bank kuwa a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan da za a auna ba, saboda batirin litiyam na iya kamawa da wuta. Mai 20,000mAh bai kai iyakar 100Wh da kamfanonin jirage suka saba amincewa da ita ba, amma wanda rubutun jikinsa ya goge yana iya ƙarewa a hannun jami'ai.