Yadda Ƙanƙarar Sararin Samaniya Ke Haɗa Sinadaran Rayuwa

Idan ka ɗaga kai a daren da babu farin wata, za ka ga wasu baƙaƙen wurare a tsakiyar dandazon taurari. Waɗannan giragizai ne na iskar gas da ƙura, inda sanyi ke kai wa kusan digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan wuri ne ake harhaɗa sinadarai masu kama da waɗanda jikinka ya ginu da su.

Ga yadda abin yake gudana. Kowace ƙwayar ƙura, wadda ta fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba, takan yi ɓawon ƙanƙara na ruwa da amoniya da kabon monoksaid. Ƙwayoyin zarra na haidurojin, saboda rashin nauyinsu, sukan yi ta yawo a kan ɓawon har su ci karo da kabon monoksaid. Idan biyu suka manne masa sai a sami fomaldihaid, idan huɗu kuma metanol. Daga nan haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani yakan farfasa metanol ɗin. Sa'ad da sabon tauraro ya kunno kai ya ɗumama ƙurar, sai gutsattsarin su motsa, su haɗu da juna, su zama manyan sinadarai.

Hujjojin wannan bayani suna nan a hannu. Dutsen da ya faɗo daga sama a garin Murchison na ƙasar Ostireliya a 1969 yana ɗauke da amino asid, wato tubalan furotin. A 2012 na'urar hangen nesa ta ALMA da ke ƙasar Chile ta gano wani nau'in sukari mai sauƙi a kewayen wani jaririn tauraro. A 2016 aka sanar cewa kumbon Rosetta ya tarar da gilaisin a jikin tauraruwa mai wutsiya 67P. Ƙasar da kumbon Amurka ya ɗebo daga dutsen Bennu, ya kawo duniya a 2023, an same ta da 14 daga cikin amino asid 20 da halittu ke gina furotin da su.

Sai dai a nan ake bukatar natsuwa, domin tara tubali ba shi ne gina gida ba. Abin da masana suka gano kayan haɗi ne, kuma tsakaninsu da ƙwayar halitta mai ci da hayayyafa akwai tazarar da har yau ake bincike a kanta. Duk wanda ya gaya maka an gano rai a cikin ƙanƙarar samaniya, to ya faɗi abin da ya wuce hujjarsa.