Sa'ad da Abokin Aiki Ya Zama Ƙaya

Ran wata Jumma'a da la'asar aka miƙa wa wani ɗan'uwanmu ambulan a bakin sito. Shekara shida ke nan yana riƙe da makullan wurin, a wani kamfanin sayar da kayan gini. Takardar layi uku ce kawai: ba a bukatar aikinsa daga wannan rana. Ya sa ta a aljihu, ya koma gida, ya ci tuwo, bai ce wa uwargida kome ba. Ran Litinin ya yi wanka ya fita kamar kullum. Mako biyu yana wuni a gindin wani darbejiya kusa da tasha, kafin matar ta ji labari a bakin wata a kasuwa.

Da muka zauna da shi, sai muka gane abin ya daɗe yana dahuwa. Akwai wani akawu da ya taɓa kawo masa takarda ya sa hannu a kan siminti wanda bai iso sito ba. Ya ƙi. Daga ranar gaisuwa ta yanke. Idan manaja ya bar saƙo, akawun ba ya isarwa. Idan lissafi ya rikice, sunan mai sito ne yakan fara fitowa. Ɗan'uwanmu kuwa ya yi ta haɗiyewa har wajen shekara guda, yana cewa haƙuri yake yi. Wata rana tura ta kai bango, ya ɗaga murya a gaban masu saye. Duk abin da akawun ya yi, babu ko ɗaya a rubuce. Amma faɗan nan na minti biyar ya shiga fayil.

Ba mu ga laifinsa da ya ƙi sa hannu ba, ko kaɗan. Inda muka ga ya yi kuskure shi ne shirun. Haƙuri dabam, shiru dabam. Tun a makarantar Lahadi muka koyi tsarin: ka sami mutumin ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka tafi da shaida, sa'an nan ka kai maganar gaba. Wannan tsari yana aiki a ofis ma. Sai dai a ofis, kai magana gaba da takarda ake yi, da kwanan wata, ka kuma ajiye kwafi a gida, ba a durowar aiki ba. Ƙaramin littafi ya isa: ran kaza, abu kaza ya faru, wane yana wurin. In an ba ka takardar neman ba'asi, kada ka amsa da zafi, kada kuma ka ƙi amsawa. Ka kwana da ita in lokaci ya yarda, ka rubuta abin da ya faru kawai, ban da zagi.

Tsofaffinmu ba su manta da 1975 ba, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa ba tare da an ji ta bakinsu ba. Har yanzu wasu suna tsammani wanda aka kora ba shi da ta cewa. Ba haka ba ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ta kuma yanka wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya kuwa ga mai shekara biyar ko fiye. In ba a ba da sanarwa ba, sai a biya kuɗin kwanakin. Wannan doka ta shafi leburori da akawuna da makamantansu ne. Manyan ma'aikata sai su duba takardar da suka sa wa hannu.

A lura kuma, sallama da kora ba ɗaya ba ne. Kora saboda laifi takan ɓata suna, takan kuma hana mutum wasu haƙƙoƙinsa, domin haka dole a gaya masa laifin, a ba shi zarafi ya kāre kansa. Wasu masu gida, don gudun wannan wahala, sukan ce, "Rubuta takardar barin aiki da kanka, mu rufa maka asiri." Muna roƙonku, kada ku sa hannu a tsaye. Ku nemi shawarar ƙungiyar ƙwadago ko lauya tukuna.

A da, kotuna sukan ce mai kamfani yana da iko ya sallami mutum ko da dalili ko babu, muddin ya ba da sanarwa. Amma gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa shari'o'in aiki a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a Abuja, Kaduna, Kano, Jos da sauran birane, ita kuwa ta sha yanke hukunci cewa sai da dalili mai tushe. Shari'a dai takan ci lokaci da kuɗi, ba za mu ɓoye muku ba. Akwai kuma ɗan sauƙi a dokar fansho ta 2014: wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa.

Ɗan'uwan namu bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Muka taimake shi ya rubuta wasiƙa mai ladabi, ya nemi kuɗin sanarwa na wata ɗaya da sauran albashinsa, da takardar shaidar aiki. Bayan jeka-ka-dawo an biya shi. Aikin bai dawo ba, akawun kuwa yana nan a kujerarsa. Yanzu ɗan'uwan yana sayar da fenti da ƙusa a wani ɗan shago, matarsa ce ke riƙe da littafin lissafi. Ta ce masa a gabanmu, "Baban yara, korar ba ta yi mini ciwo kamar mako biyun nan ba. Kullum ina ba ka kuɗin mota daga cinikin ƙosai, ashe gindin bishiya za ka."