Baƙin Allo Ba Ya Tambayar "Ka Tabbata?"

Ma'aikatar da ke da uwar garke (server), banki ne ko asibiti ko jami'a, yawanci bayananta na kwance ne a kan faya-fayan ajiya da dama da aka ɗaure wuri guda, tsarin da ake kira RAID. Masu kula da su ba su cika taɓa linzamin kwamfuta ba. Baƙin allo suke buɗewa su rubuta umarni da hannu. Cikin manhajojin wannan aiki akwai StorCLI ta kamfanin Broadcom, wadda ta gaji MegaCLI. Ta injinan Dell kuma sunanta perccli.

Girka ta ba wuya. A sauke ta daga shafin kamfanin da kansa, ba daga wani adireshi da aka turo a WhatsApp ba, domin manhaja ce da ba ta aiki sai an miƙa mata cikakken ikon na'urar. A Linux takan zauna a /opt/MegaRAID/storcli.

Wahalar tana wajen amfani. Idan ka rubuta storcli64 /c0 show, kallo kawai za ka yi: faifai nawa ke ciki, wane ne ke aiki. Ka ga Optl, lafiya lau. Ka ga Dgrd, wani faifai ya faɗi, kuma a tsarin RAID 5 in na biyu ya bi shi kafin a gyara, an yi asarar komai. Amma a wannan layin dai, in ka rubuta /c0/v1 del force, rumbu guda ka rushe, kuma kalmar force tana nufin a tsallake duk wani gargaɗi. Ga kuma tarkon da ke kama sababbin hannu: kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. c0 shi ne na farko, c1 na biyu. Saboda haka kada ka ɗauki lamba daga kanka, ka karanto ta daga allo.

Kada a ce ai sai ɗan koyo ke irin wannan kuskure. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, ƙwararre, cikin dare ga gajiya, ya ba da umarnin gogewa yana zaton yana kan na'urar ko-ta-kwana, ashe babbar ce a gabansa. Kafin ya farga ya tsayar, cikin bayanai kusan gigabait 300 saura 4.5 kacal. Abin takaicin ma na gaba: da aka je ɗauko kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyin da suka dogara da su ba sa aiki, ba wanda ya sani. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan sa'o'in kuwa ya tafi. A Disambar 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa terabait 77, fayiloli kusan miliyan 34, saboda an sauya rubutaccen umarnin ajiya alhali yana tsakiyar gudana.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar RAID a matsayin kwafin ajiya. Ba shi ba ne. Mutuwar faifai yake karewa. In ka goge abu, a kan dukkan faya-fayan yake gogewa lokaci guda, cikin biyayya.

Kai matashin da aka damƙa wa wannan amana, fara da show, ka dubi sunan na'urar da kake kai, ka sake karanta layin kafin ka danna. Umarnin da ka kwafo daga intanet ba ka fahimce shi ba, bar shi. Ku kuma shugabannin ma'aikatu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kira mai kula da na'urorinku a wannan makon, ku ce ya dawo da fayil ɗaya daga kwafin ajiya a kan idonku.